Waiwaye: Yadda Hanyoyin Manoma Suka Zama na Masu Yawon Keke a Faransa

Idan aka ambaci keke a Faransa, abin da yake fara zuwa wa mutane a rai shi ne gasar Tour de France, wadda aka soma a 1903. Sai dai akwai wata al'ada da ta girmi gasar, wadda babu kofi a cikinta kuma babu 'yan kallo. Mutum yakan ɗaure 'yar jakarsa a keke, ya kauce wa manyan tituna, ya bi ƙananan hanyoyin karkara masu hawa da gangara, ya kwana a ƙauyen da dare ya riske shi. Faransawa suna kiran wannan al'ada cyclotourisme, wato yawon buɗe ido a kan keke, kuma tarihinta ya faro ne daga hanyoyin kansu, domin sun riga keken zuwa.

A ranar 21 ga Mayun 1836, zamanin Sarki Louis-Philippe, aka kafa dokar da ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma alhakin gyara hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka, ko dai da kuɗin haraji ko kuma da aikin ƙarfi na kwana uku a shekara daga mazaje masu lafiya. Manomi da amalankensa aka yi wa waɗannan hanyoyi, shi ya sa ba sa tunkarar dutse gaba da gaba, sai su yi ta lanƙwasa a gefensa yadda shanun huɗa za su iya jan kaya ba tare da sun durƙushe ba. Abin da ya sauƙaƙa wa sa a wancan lokaci shi ne yake sauƙaƙa wa mai keke a yau. Hanyoyin Faransa sun haura kilomita miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu na gundumomi ne da ƙananan hukumomi.

Keke mai feda ya bayyana a Paris a farkon shekarun 1860, kuma tun a 1865 wasu 'yan'uwa biyu, René da Aimé Olivier, da abokinsu Georges de la Bouglise, suka tuƙa shi daga Paris har Avignon cikin kwana takwas. A 1890 masu kekuna suka kafa ƙungiyar Touring Club de France, wadda ta riƙa kafa allunan nuna hanya da na gargaɗi a bakin gangare masu haɗari tun motoci ba su yawaita ba. A shekarar da ta biyo baya kamfanin Michelin na Clermont-Ferrand ya fito da taya mai iska wadda ake iya cirewa a yi mata faci a bakin hanya. Duk da haka tudu ya ci gaba da zama katanga, domin keken wancan zamani giya ɗaya gare shi, kuma duk wanda ya iso gindin dutse dole ya sauka ya tura.

Mutumin da ya fi kowa ɗaukar wannan matsala da zafi shi ne Paul de Vivie, wanda aka fi sani da sunan rubutunsa, Vélocio. An haife shi a 1853 a Pernes-les-Fontaines da ke kudancin ƙasar, ya yi fataucin siliki a Saint-Étienne, kuma sai da ya kai shekara 28 sannan ya mallaki kekensa na farko. Bai daɗe ba ya bar siliki ya koma sayo kekuna daga Coventry ta Ingila, daga baya ya shiga ƙera nasa, ya kuma kafa mujallar Le Cycliste a 1887. Shi ake dangantawa da ƙirƙiro kalmar cyclotourisme ɗin kanta. Garinsa kuwa duwatsu ne suka kewaye shi, kuma hanyar da ta fita kudu zuwa kwarin Kogin Rhône sai ta haye mashigin Col de la République, mai tsayin mita 1,161. A kan wannan hawa ya shafe shekaru yana gwada dabarun sauya giya, daga sarƙa biyu zuwa wasu tsare-tsare da bai gamsu da su ba, yana buga sakamakon kowane gwaji a mujallarsa. Ba shi kaɗai ya kai ga na'urar sauya giya da ake amfani da ita yau ba, domin maƙera na kusa da shi irin su Joanny Panel sun ɗora a kan aikinsa, amma shi ne ya dage har tunanin ya karɓu.

Babban abokin jayayyarsa shi ne Henri Desgrange, wanda ya kafa Tour de France, wanda yake ganin sauya giya aikin tsofaffi ne, jarumi kuwa da ƙarfin cinyarsa ya kamata ya ci dutse. Ba a yarda 'yan gasar su yi amfani da na'urar ba sai a 1937, lokacin da masu yawo suka riga suka shafe shekaru da dama suna hawa duwatsu da ita. Wannan jayayya ta wuce batun ƙarfe. Desgrange yana neman gwarzon da jama'a za su tsaya kallo, shi kuwa Vélocio yana neman keken da malamin makaranta da matar aure da dattijo za su hau su ga ƙasarsu. Shawarwarinsa bakwai, waɗanda har yau ake maimaitawa, sun nuna haka: a ci kafin a ji yunwa, a sha kafin a ji ƙishirwa, a rufa kafin sanyi ya kama, kada a matsa wa kai a sa'o'in farko, kada kuma a tuƙa don a burge wani. Ya rasu a 1930 yana da shekara 76, bayan jirgin ƙasa na cikin gari ya buge shi a Saint-Étienne, kuma an kafa masa dutsen tunawa a kan mashigin da ya yi gwaje-gwajensa.

Ƙungiyoyin masu yawon keke sun haɗu a ƙarƙashin tarayya ɗaya a 1923, amma abin da ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne dokar 1936 ta gwamnatin Léon Blum, wadda ta ba ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da albashi. A wannan bazara ma'aikatan masana'antu da yawa suka bar birni a karon farko, wasu a jirgin ƙasa da rangwamen tikiti, wasu miji da mata a kan keke mai sirdi biyu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mota ta mamaye ƙasar, har aka ɗauka yawon keke ya zo ƙarshe. Abin da ya faru kuwa shi ne manyan tituna na zamani suka kwashe motoci da tireloli, suka bar ƙananan hanyoyi, waɗanda a lokacin an riga an shimfiɗa wa galibinsu kwalta. Masu kekuna suka koyi karanta taswirar Michelin, suna neman farin layi siriri mai koren gefe, alamar ƙaramar hanya mai kyan gani. A 1972 aka kafa ƙungiyar Club des Cent Cols, wadda ba a shiga sai an haye mashigan duwatsu ɗari, biyar daga ciki masu tsayin mita 2,000 ko fiye.

A nan ne ya kamata a faɗi abin da tallan yawon buɗe ido ba ya faɗa, wato shirun da baƙo yake yabawa ya samu ne saboda mutanen wurin sun tashi. Gundumar Lozère, da ke tsaunukan Massif Central, tana da mutum fiye da 140,000 a tsakiyar ƙarni na 19, yau kuwa ba su kai 80,000 ba. Mai keke yakan ratsa ƙauyuka uku ko huɗu bai ga gidan burodi ko kanti a buɗe ba, kuma sanannen abu ne a tsakanin masu wannan yawo cewa idan gora ta ƙare, famfon maƙabarta ake nema, wanda aka kafa don ban ruwan furannin kaburbura. A ganina bai dace a ji daɗin wannan shiru ba tare da an tuna da waɗanda suka gina hanyar da gumin jikinsu ba, da jikokinsu da rashin aiki ya kora birni. Wasu yankuna sun yi ƙoƙarin mayar da baƙin zuwa abin amfani. A gundumar Ardèche, taron L'Ardéchoise da aka soma a 1992 a garin Saint-Félicien yana tara dubban masu kekuna kowane watan Yuni, ƙauyukan da ke kan hanya kuma su yi ado su tarbe su da abinci.

Tun daga 1998, lokacin da gwamnati ta amince da tsarin hanyoyin keke na ƙasa baki ɗaya, kuɗi da hankali sun fi karkata ga hanyoyin da aka keɓe, waɗanda suke bin gaɓar kogi ko tsohon layin dogo, kamar ta Kogin Loire mai tsawon kusan kilomita 900. Sun amfani iyalai masu yara, amma shimfiɗaɗɗu ne, kuma ba sa kai mutum ƙauyen kan dutse. Wanda yake son tudu har yanzu da mota yake raba hanya. Doka ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a bayan gari, kuma a Yulin 2018 aka rage iyakar gudu a irin waɗannan hanyoyi daga kilomita 90 zuwa 80 a sa'a. Mazauna karkara da yawa sun ƙi wannan mataki, domin su ne suke yin doguwar tafiya zuwa asibiti da wurin aiki, kuma daga 2020 gundumomi irin su Cantal da Creuse suka fara mayar da 90 a wasu hanyoyinsu. Keke mai batir, wanda injinsa yake daina taimakawa idan gudu ya kai kilomita 25 a sa'a, yana ƙara kawo dattawa da sababbin shiga kan waɗannan hanyoyi, inda ake ta muhawara a kan gudun da ya kamata mota ta yi.