Katin gaisuwa mai hatimin ƙwari: tambayoyi da amsoshi ga masu son gwadawa a Jos

Me ya sa ƙwari, ga furanni nan?

Don sun fi sauƙin yankawa. Malam-buɗe-littafi ɓangarensa na dama daidai yake da na hagu, sai ka ninke takarda, ka zana rabi, ka yanke da almakashi, ka buɗe, ga cikakken siffa. Ƙudan zuma ma layuka ne kawai a gadon baya. A dai kiyaye, ƙwaro ƙafa 6 gare shi, jikinsa kashi 3: kai, ƙirji da ciki. Gizo-gizo mai ƙafa 8 ba ya cikin dangin.

Da me ake yin hatimin?

Mu da ke Filato ba sai mun je nesa ba. Dankalin Turawa irin na Bokkos da ake jibgewa a kasuwar Farin Gada ya isa. Zaɓi babba mai tauri, ka raba shi biyu da wuƙa a sara ɗaya don fuskar ta yi sumul. Ɗora siffar takardar a kai, ka bi gefenta da reza, ka cire abin da ba ka so ya fito. Sai ka kifa shi a kan tsumma ya tsotse ruwan. Wanda ya tsallake wannan zai ga tawada ta malale, malam-buɗe-littafinsa ya koma tabo.

Illar dankali ita ce ba ya kwana. Washegari ya yamutse, balle a hunturun Jos. Mai son abin da zai daɗe ya sayi farin kilinan goge fensir, babba. Shi ne ke karɓar siraran layuka irin ƙahonnin fara. In kuwa sana'a za a yi, a kai zanen wurin masu yin hatimin ofis a wajen Taminus su fitar da shi a roba. Ni dai na fi son na kilina, ɗan karkacewarsa ce ke nuna aikin hannu ne.

Wace takarda?

Kwali mai kauri, mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowane murabba'in mita, marar ƙyalli, domin mai ƙyalli ba ya shan tawada. Raba A4 biyu, ka ninke kowane rabi, ka sami kati 2 masu girman A6, wato milimita 105 da 148. Ambulan C6 ce daidai da shi.

Tawadar fa?

Kushin tawadar ofis ya dace da kilina da roba. Dankali ya fi son fentin yara na makaranta, a shafa da buroshi sama-sama. Danna sau ɗaya, kada ka girgiza hannu, ka ɗaga tsaye. Fara gwadawa a tsohuwar jarida. Da damina a bar katin ya sha iska sosai kafin a ninke.

Zan iya sa "Barka da Sallah" a jikin hatimin?

Za ka iya, amma sai ka yanka haruffan a juye kamar yadda suke fitowa a madubi. Rubutawa da alƙalami ya fi sauƙi, ko na Kirsimeti ne, ko na suna.

Akwai masu ƙyamar hoton abu mai rai. Yaya ke nan?

Akwai su, kuma kai ka san wanda za ka ba. Irin wannan sai a buga masa saƙar zuma mai kusurwa 6, ko ganye, da dabarar dankalin nan dai.