Ƙaramin gidan tarihi na gunduma: me yake adanawa, kuma ta yaya?

Tunda akwai manyan gidajen tarihi na ƙasa, mene ne amfanin ƙarami?

Manyan sun fi karkata ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ƙaramin shi ke karɓar garmar manomi, da rajistar makarantar farko ta yankin, da hoton gadar da ruwa ya cinye. Irin waɗannan ba mai kai su babban birni. In ba a tsince su a gida ba, sun tafi ke nan.

Idan an kawo kaya, me ake fara yi?

Sai a buɗe kundin rajista, kuma a ganina nan ne ran gidan yake. Ana ba kowane abu lambarsa, misali 2019.4.2, wato shekarar da ya shigo, kyauta ta huɗu a shekarar, abu na biyu a cikinta. Daga nan a zaunar da mai kawowa a tambaye shi: wa ya ƙera, wa ya yi aiki da shi, yaushe aka daina? A naɗi muryarsa in ya yarda. Kwando kwando ne kawai har sai an san hannun da ya saƙa shi, kuma ranar da dattijon da ya sani ya rasu, babu kuɗin da zai dawo da wannan bayani. Shi ya sa yarjejeniyar 2003 ta UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya labaran baka da fasahar sana'o'in hannu cikin gadon da ya kamata a kare.

Me ya fi lalata kaya?

Haske da danshi da ƙwari. Rana na koɗar da tufa da takarda, don haka masana ke son haskensu kada ya wuce kusan luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), danshin ɗaki kuma ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100 ba hawa da sauka. Gara da asu suna ɓarnarsu a ɓoye. Wani lokacin ma kyakkyawar niyya ce ke kawo asara: a manna salatif a tsohuwar wasiƙa, bayan shekaru gam ya yi ɗorawa ya ci rubutun.

Ɓarayi fa?

A ɗauki hoton komai, a ajiye kwafin kundin a wani gini daban. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta haramta fataucin kayan tarihi na sata, amma sai da shaida ake ƙwato su.

Ni me zan iya yi?

Ka leƙa, musamman ranar 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya da aka kafa a 1977. In za ka ba da tsohon hoto, rubuta sunayen mutanen ciki a bayansa da fensir, ba da biro ba.