Ƙasar gona ta gaji: tambayoyi kan sassabin zamani da takardar fili a Maraɗi

Me ya sa gonakinmu ba sa ba da hatsi kamar da?

Yawancin gonakin jihar Maraɗi jigawa ce, rairayi ne da ba ya riƙe ruwa ko taki. Kakanninmu kan bar gona ta huta shekaru, ta zama saura, kafin a koma mata. Yau jama'a ta yi yawa, an raba gandu gado bayan gado har babu abin da za a bari ya huta. Bayan girbi a kwashe kara don dabbobi da girki da darni, sai iskar hunturu ta tarar da ƙasa tsirara ta share samanta. Inda ƙasa ta raunana, nan ƙuduji ke samun gindin zama.

Mene ne sassabin zamani?

Maimakon a sare duk tohon sabara da kalgo lokacin sharar gona, manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga awaki da gatari. Saiwar tana raye a ƙarƙashin ƙasa, don haka itacen ya fi dashe saurin girma, kuma ba a sayen komai. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara yaɗa dabarar a nan Maraɗi a 1983, ta bazu bayan farin 1984. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. Ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye ya yi suna a kanta. A ganina babban yabon na manoma ne, su suka koya wa juna, gona zuwa gona.

Inuwa ba ta hana hatsi yi?

Ya danganta da itacen. Gawo na zubar da ganyensa da damana, sa'ad da hatsi ke son rana, ya yi kore da rani. Ganyen ya zama taki, ƴaƴan su ciyar da dabbobi, dabbobin su bar kashi a gindinsa. Sauran itatuwa sai da datsa.

To ina ruwan wannan da dokar filaye?

Nan ne gizo ke saƙar. A da, dokar gandun daji ta sa itatuwa hannun hukuma, manomi na iya biyan tara don ya sare reshe a gonarsa, shi ya sa yake tumɓuke toho tun yana ƙarami. Da aka sassauta, mutane suka fara reno, kuma a 2020 gwamnati ta fito da doka mai tabbatar wa manomi itacen da ya rena. Amma wanda ke noma gonar aro ko jingina, me zai sa ya zuba taki ko ya reni gawo, alhali baɗi mai gona na iya karɓe abinsa? Wannan matsalar tana nan, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina ake samun takarda?

Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira COFO. Na ƙauye, maigari ne shugabansa. Suna rubuta shaidar saye, kyauta, gado, aro, haya da jingina, suna kuma shata burtali don rage rikici da makiyaya. Ko ɗan uwanka ne ya ara maka gona, ku rubuta, ku sa yawan shekaru da makomar itatuwan da za ka rena.

Mata fa?

Su ƙarancin fili ke fara taɓawa, domin idan gandu ya ƙanƙance, gamanar mace ake fara janyewa. Musulunci ya ba ta rabonta na gado, har da gona, kuma tana da damar zuwa wurin maigari da shaidu a rubuta rabon da sunanta.