Sanyaya Gini Ba Tare da Lantarki Ba

Sanyaya gini ba tare da lantarki ba fanni ne na ilimin gine-gine da ke nazarin yadda za a hana zafi shiga ɗaki, ko a fitar da wanda ya riga ya shiga, ta hanyar fasalin ginin da kayan da aka yi shi da su. Muhimmancinsa yana ƙaruwa yayin da duniya ke ɗumama, musamman a garuruwa irin Sakkwato, inda zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali mafi yawan gidaje ba su da halin sayen na'urar sanyaya ɗaki, balle tsayayyiyar wutar da za ta riƙe ta.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan sirri. Bangon tubali mai kauri da rufin soro na azara da ƙasa suna shan zafin rana a hankali, ba sa sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida suka riga suka fito da shimfiɗa tsakar gida. Ƙananan tagogi da rumfa da inuwar dogon yaro su ne ke cike sauran aikin. Randa kuwa dabararta daban ce, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ne tare da ɗauke zafi. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, abin da ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

Abin takaici, bulo da kwano sun maye gurbin soro ba tare da an gaji amfaninsa ba. Rufi shi ne ya fi kowane ɓangare na gini shan rana, kuma kwano siriri ne, nan take yake miƙa zafinsa ga wanda ke ƙarƙashinsa, musamman idan babu silin. Rufi mai duhu ba ya mayar da fiye da kashi 20 cikin 100 na hasken rana, farin rufi mai tsabta kuwa yana mayar da kusan kashi 80, kuma da tsakar rana bambancin zafin samansu kan kai kimanin digiri 30. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda zafin 2010 ya kashe masa mutum fiye da 1,000, ya fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya kuma ya shiga shafa farin fenti a rufin unguwannin talakawa.

Bincike ya wuce nan. Kowane abu yana fitar da zafinsa a matsayin hasken da ido ba ya gani, wani ɓangarensa kuma yana ratsa iska ya fice sararin samaniya. A 2014 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun yi amfani da wannan hanya suka ƙera wani siririn lulluɓi da ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da kusan digiri 5 yana cikin rana, a 2021 kuma Jami'ar Purdue ta bayyana fenti mai mayar da kashi 98.1 na hasken rana. Busasshiyar iska da sama marar gajimare su ne suka fi dacewa da wannan hanya.

A Sakkwato babbar matsalar ita ce ƙura. Hazon hunturu yana dusashe farin rufi daidai gab da shigowar bazara, saboda haka dole a wanke shi ko a sake shafa shi kafin Maris, in ba haka ba amfaninsa ya ragu. Shi ya sa fenti shi kaɗai bai isa ba. A makarantar firamare ta ƙauyen Gando a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001, masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya ɗaga kwano can sama da silin na bulon ƙasa, ya bar rata domin iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafin tun bai sauko kan ɗalibai ba.