Yara da waya a Saudiyya: tambayoyin da iyaye suka ƙi daina yi min

Daga Shara Mansur ta Makka har Jidda tambayoyin ba sa canzawa, to ga amsa gaba ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Me zan hana yaro turawa?

Hoton igama (katin izinin zama), fasfo, lokeshin ɗin gida, da lambar da ke shigowa ta saƙo daga banki ko Absher, manhajar gwamnati. Ko wa ya tambaya, ko ya rantse ma'aikacin gwamnati ne.

Ai yaro ne, wa zai cuce shi?

Haba Hajiya. Ke ake nema ai. A cikin wasan waya na PUBG wani zai yi masa alkawarin kyauta, ya ce je ka ɗauko wayar Umma ka karanto min lambobin da suka shigo, kina kicin kina tuƙa tuwo an kwashe kuɗin. Ki zaunar da shi ki gaya masa lambar nan amana ce.

Hoton mutane a wajen biki fa?

A'a. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 1 ko tarar da ta kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutum da kyamarar waya. Kafin doka ma, baiwar Allah ta cire niƙabi a sashen mata saboda ta yarda da ku, 'yarki ta sa ta a Snapchat, wannan wane irin hali ne?

In duba wayar 'yata a ɓoye, ko ya zama tajassus, wato leƙen asiri?

To nan kam sai a hankali. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma ɗanki ma mutum ne, amma kuma kiwo aka ba ki za a tambaye ki a kansa. Ni a ganina ya danganta da shekaru. Ɗan shekara 8 wayar taki ce, ki duba a gabansa, ya san da haka tun ranar farko. Budurwa mai 15 kuma, in babu wata alama, ki bar mata hirarta da ƙawayenta, don ranar da ta gane kina leƙe sai ta buɗe wani akawun da ba ki sani ba, an yi ba a yi ba ke nan. In kin ga alama, tana ɓoye waya in kin shigo, ta daina cin abinci, ko wani babba na turo mata kuɗi, ki shiga ciki kai tsaye, ki faɗa mata dalili. Abin da kika gani kuma kar ya kai kunnen gwaggonninta. Ki kwantar da hankalinki, galibi hirar makaranta ce kawai. In abin ya rikice ki nemi malamin da ya san gidanku.

Ni ma in daina sa hotonsu?

Takardar sakamakon da kika sa a sitatus, da cikakken suna da makaranta da lambar igama a jiki, ki goge ta yau.