Kafin asibiti ya kira ya ce ku zo ku ɗauki Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa na Bronx da Harlem da Brooklyn, musamman mu da iyayenmu suka tsufa a ƙasar nan ko muka ɗauko su daga Kumasi, Accra, Yamai, Kano suka zo suka zauna damu. Aikina shiga gidaje ne duba marasa lafiya da tsofaffi a nan New York, kuma akwai wani abu da nake ta gani yana maimaita kansa har ya fara hana ni barci.

Kwanaki wani dattijo da ya shekara kusan talatin yana tuƙin tasi ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka kwantar da shi, bayan 'yan kwanaki asibiti suka ce to mun gama namu, ina za a kai shi? Ɗakinsa a hawa na huɗu yake babu lifta, 'yarsa aikin dare take yi, ɗansa yana wata jiha, kowa ya tsaya yana kallon kowa. A ranar ne suka fara jin farashin gidajen kula da tsofaffi, a tsaye a barandar asibiti, 'yar tana kuka tana ce min Anti ai na ɗauka Medicare ne zai biya.

To Medicare ba ya biya. Dan Allah wannan ku riƙe shi da kyau. Medicare inshorar magani ce ta wanda ya kai shekara 65, tana biyan likita da asibiti da tiyata, amma zaman gidan da za a riƙa yi wa tsoho wanka ana sa masa kaya ana ba shi abinci, wanda suke kira assisted living, ba ruwanta da shi. Abin da take yi kawai, idan an kwantar da mutum kwana 3 a asibiti aka tura shi gidan jinya don gashin ƙashi da motsa jiki, za ta iya ɗaukar har kwana 100, kwana 20 na farko ita ke biya gaba ɗaya, daga na 21 kuma kai ma sai ka riƙa sa sama da dala 200 kullum in ba ka da wata inshorar da za ta cike. Bayan nan shi ke nan.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Binciken da kamfanin Genworth ya yi na shekarar 2023 ya nuna matsakaicin farashin irin wannan gida a faɗin Amurka dala 5,350 ne a wata, kuma kun san New York komai nata ya fi na kowa tsada. Wannan ma sau da yawa kuɗin ɗaki da abinci ne, in tsoho na buƙatar a riƙa ba shi magani a kan lokaci ko a kai shi banɗaki sai a ƙara wani abu a kai, in kuma ciwon mantuwa ne ya kama shi farashin ya sake hawa. Gidan jinya mai nas dare da rana kuwa a garin nan ya haura dala 10,000 a wata nesa ba kusa ba. Wane direban tasi, wace mai kitso ce ta tara wannan?

Na san abin da za ku ce, mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi, abin kunya ne, me za a ce a gida. Ni ma haka aka tarbiyyantar da ni kuma ban zo in canza wa kowa ra'ayi ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan kunyar ce ke hana mu ko tambaya, alhali yawancin taimakon da ke akwai an yi shi ne don tsoho ya zauna a ɗakinsa cikin iyalinsa. A gida akwai matan 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, tsohuwa ba ta wuni ita kaɗai. Nan kuwa kowa ya fita nema tun asuba, Hajiya na kulle a ɗaki daga ita sai talabijin, in ta faɗi a banɗaki sai dare a gan ta, mu kuma muna cewa ai muna riƙe da ita.

Wanda ke biyan kula ta dogon lokaci shi ne Medicaid, na masu ƙaramin ƙarfi. Idan tsoho ya samu, nas za ta zo ta auna irin taimakon da yake buƙata, a ba shi awanni na mai kula a gida. Akwai kuma tsarin da ake kira CDPAP, wanda na fi so mutanenmu su sani, domin tsohon ne da kansa zai zaɓi mai kula da shi, 'yarsa ko ɗansa ko jikarsa, a riƙa biyanta albashi. Mata ko miji ne dai ba a yarda su zama mai kular ba. Ku duba fa, Mama za ta samu mai yi mata magana da Hausa, mai dama mata koko, wadda ta san lokacin salla kuma ba za ta ji nauyin tuɓewa a gabanta ba. In kuma zaman gida ya gagara, jihar New York na da gidajen assisted living da ke karɓar Medicaid, sai dai gurbinsu kaɗan ne ana bin layi, shi ya sa ake nema tun da wuri.

Sai wata magana da ta shafe mu sosai, maganar tura kuɗi gida. Ranar da aka nemi Medicaid ya biya gidan jinya, suna komawa baya shekara 5 su duba takardun banki, duk kuɗin da aka yi kyauta da shi a wannan tsakanin zai iya sa a jinkirta biyan na wasu watanni. Alhaji ya tura dala dubu ashirin an yi wa ƙaninsa gini ko an aurar da yara, shi a wurinsa zumunci ya yi, su a takarda kyautar dukiya ce. Ban ce a daina zumunci ba, a dai ga lauyan harkar tsofaffi kafin a motsa kuɗi mai yawa, kuma kar a ɓoye komai a fom.

Ku da ba ku tsufa ba tukuna kuma kuna aikin kuɗi a hannu ba kwa cika haraji, Medicare na asibiti kyauta sai wanda ya tara maki 40, ba a samun fiye da 4 a shekara, wato aikin shekara 10 ke nan da aka biya wa haraji, naka ko na matarka ko mijinki. Masu cewa in na tsufa gida zan koma, Allah ya sa, amma Medicare ba ya bin ka Ghana ko Nijar, kuɗin SSI ma, wato tallafin wata-wata da gwamnati ke ba tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, yana tsayawa in ka yi kwana 30 a jere a waje.

Wanda bai cancanci Medicaid ba kar ya ce shi ke nan. Hukumar tsofaffi ta birni, NYC Aging, tana da cibiyoyi sama da 300 da duk mai shekara 60 zai je ya ci abinci ya zauna da mutane kyauta, tana kai abinci har gida ga wanda ba ya iya fita, ku ce na halal kuke so. Akwai EISEP mai turo mai taimako na 'yan awanni. Akwai SCRIE mai daskarar da kuɗin haya ga mai shekara 62 da kuɗin shigar gidansa bai wuce iyakar da aka ƙayyade a shekara ba kuma haya na cin fiye da kashi ɗaya cikin uku, in gidan na cikin waɗanda gwamnati ke ƙayyade hayarsu, kuma na sha shiga gidan da tsoho ya cancanta shekara da shekaru ba wanda ya cika masa.

Ku buga 311 ku ce kuna son Aging Connect, in Turanci na ba ku wahala ku nemi tafinta, haƙƙinku ne kuma ba a biya. Kafin ku buga ku haɗa katin Medicare ko Medicaid, takardar haya, takardun banki da jerin magungunan da tsohon ke sha. Sannan ku zauna da shi Baba ɗin ku tambaye shi wa yake so ya yi magana da likita a madadinsa ranar da ba zai iya ba, fom ne na shafi biyu da shaidu biyu, ba sai da lauya ba, kowane asibiti na da shi.