Tsofaffin Kayan Ɗaki: Amsoshin Tambayoyin Da Ake Yawan Yi Mini

Na daɗe ina gyaran tsofaffin gadaje da kujeru da kabad a cikin garin Sakkwato, kuma tambayoyin da ake kawo mini ba sa canzawa, masu kawo su ne kawai suke canzawa. Na rubuta amsoshin a nan domin wanda ya sake tambaya in nuna masa ya karanta.

Tambaya: Malam, duk tsohon kaya ne ake kira kayan tarihi?

Amsa: A'a. A wurin masu wannan ciniki, sai abu ya kai shekara 100 yake samun wannan suna. Wanda ya haura shekara 20 amma bai kai ɗari ba, tsoho ne mai daraja idan aikinsa yana da kyau. Kujerar kushin da ta lotse cikin shekara biyar ba ta shiga ko ɗaya ba.

Tambaya: Dillali ya ce kabad ɗin nan mai madubi tun zamanin Shehu yake. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, Turawa kuma ba su ci Sakkwato ba sai 1903. Mutanen wancan zamani a kan gadon ƙasa da gadon kara da tabarma da buzu suke kwana, tufafinsu kuma a adudu suke ajiyewa. Ka juya kabad ɗin ka dubi bayansa. Idan ka ga filawud, ko ƙusa mai murɗawa wadda kanta yake da tsaga biyu a gicciye, ka san ba na zamanin Shehu ba ne; irin wannan ƙusa ma ba ta fito ba sai bayan 1930. Ka sayi katakon da aikin kafinta, ka bar wa dillali labarinsa.

Tambaya: Na ga ƙananan ramuka a ƙafar teburin da nake so, gari kuma yana zuba. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa. Da farko sai a bambance ɓarnar gara da ta ƙwaron da ke huda katako. Gara tana gina hanyar ƙasa a jikin itace, tana cinye cikinsa ta bar ɓawo, shi ya sa idan ka ƙwanƙwasa za ka ji sauti kamar na ƙwarya. Ƙwaro kuwa ramuka yake yi masu zagaye kamar an soka allura, garin da yake fitarwa kuma mai laushi ne. Ganin rami kaɗai ba dalilin fasa ciniki ba ne, domin sau da yawa ƙwaron ya bar wurin tun shekaru da dama. Abin da nake yi shi ne in share teburin tas, in ɗora shi a kan baƙin ƙyalle ko baƙar leda, in bar shi mako biyu ba a taɓa shi ba. Idan sabon gari mai haske ya taru a ƙarƙashin ramukan, akwai mai rai a ciki. Idan babu, alama ce mai kyau, ko da yake ba tabbaci ba ce, domin tsutsar tana iya daɗewa a cikin katako ba ta fitar da komai ba, musamman da hunturu.

Sai kuma a duba inda ɓarnar take. Ramuka a allon baya ko a ƙasan aljihun tebur abu ne mai sauƙi, ana cire allon a sa wani. Idan kuwa a mahaɗar ƙafa ne, ko a jikin katakon da ke ɗaukar nauyin gado, ka danna da bakin wuƙa. In ya nutse ba tare da ka sa ƙarfi ba, ka haƙura, sai fa idan kayan da kuka gada ne a gidanku kuma ka yarda ka kashe fiye da kuɗinsa wajen gyara. Irin itacen ma yana da tasiri. Zuciyar kirya da ƙawo da madobiya suna jure wa ƙwari ƙwarai, maɗaci ma ba laifi, amma farin katako mai sauƙin nauyi shi ne abincinsu.

Game da magani, zafi yana kashe ƙwaron da ƙwansa idan tsakiyar katakon ta kai kusan digiri 56 na tsawon rabin awa. Ranar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, tana iya kai siririn katako wannan mataki idan an naɗe shi da baƙar leda. Amma wannan zafin yana sakin gam, yana ɗaga fallen katakon da aka liƙa a sama, yana kuma iya tsaga allo mai faɗi, saboda haka ina yi wa kujerar tsugune wadda aka sassaƙa daga gungume guda, ba na yi wa kabad. Kada ku shafa baƙin mai. Yana ɓata katako har abada, warinsa kuma ba ya fita. Ina kuma roƙonku don Allah, kada wani ya sa ƙwayar maganin ajiyar wake a cikin kabad a ɗakin da ake kwana. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, kuma yara take fara kamawa.

Tambaya: Gadon ƙarfe mai rumfa na kakata yana nan. Ba za a yi mini dariya ba idan na sa shi a ɗakina?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki ki sa abinki. Gadon da ya ɗauki mutum shekara hamsin bai karye ba ya fi wanda aka yi da matsattsen garin katako, wanda ruwan mopa kaɗai yake kumbura ƙafarsa. Ki kwance shi, ki zuba tafasasshen ruwa a mahaɗai da cikin bututun saboda ƙazunzumi, wato kuɗin cizo, ki shanya ya bushe sarai. Ƙwallayen da ke saman rumfar, ki kara musu maganaɗisu: tagulla ba ta kama shi, ƙarfen da aka yi wa ruwan tagulla yana kamawa. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne fenti. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, don haka kada a kankare shi a bushe a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400. A jiƙa fentin kafin a kankare, a yi aikin nesa da gida, a kwashe dattin.

Tambaya: Tsofaffin kayan Turai da ake shigowa da su ta Kwatano fa?

Amsa: An yi su ne don ƙasa mai laima. Hunturu ɗaya a Sakkwato ya isa ya tsaga saman tebur, ya sassauta ƙafafun kujera. Idan dole ne, ka zaɓi wanda ya riga ya shekara a Arewa, ka ajiye shi nesa da taga.

Tambaya: Tsohon tumtum na fata ya bushe. A yar?

Amsa: Garin jar akuya kake, kana tambayar wannan? Kai shi unguwar Maɗunka, dukawa su duba ɗinkin su sake masa ciko.

Tambaya: Dillaliya ta kawo mini adaka da tasoshi da kujera a farashi mai sauƙi. Akwai matsala?

Amsa: Ki tambaye ta na wane ne, kuma me ya sa ake sayarwa. Yawancin tsofaffin kayan da ke fita daga gidajen cikin gari suna fita ne bayan rasuwa, wasu kuma tun ba a raba gado ba, alhali akwai marayu a cikin magada. Na taɓa gyara wani gado na tsawon wata guda, sai magada suka zo suka ce ɗan'uwansu ne ya fitar da shi ba da saninsu ba. Wanda ya saya ya yi asarar kuɗinsa, zumunci kuma ya ɓaci. Ki nemi jin ta bakin babba a gidan, a yi cinikin gaban shaidu. Idan kuma kayan aikin hannu ne na gargajiya da aka yi kafin 1918, dokar 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta taƙaita cinikinsa, ta kuma hana fitar da shi waje ba tare da izini ba. Irin wannan kaya, ki fara kai shi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a duba miki kafin ki biya ko sisi.